Shaidar da ke Cikin Makulli

Duk wanda ya taɓa kai wa Malam Sallau gyaran agogo a Dakoro ya san ba a cin sa gardama. Ba don ya iya magana ba, shi da bakinsa ke da nauyi. Allura ce ke yi masa faɗan. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a 'yar rumfarsa ta bakin tasha, kuma duk abin da ya buɗe ya sa wa pil, wato ɗan batir, agogo ne ko makullin mota, ba ya rufewa sai ya ɗauki allura ya karta wata da shekara a cikin murfin. Mutanenmu kuwa kun san halinsu. Mutum zai ci shekara biyu cur da pil ɗaya, ranar da ya mutu sai ya zo yana kumfar baki, wai watan jiyan nan aka sa masa. Malam Sallau ba ya tanka wa irin waɗannan. Buɗe murfin yake yi, ya miƙa wa mutum gilashin idonsa, ya koma kan aikinsa, ya bar shi ya ji kunyarsa shi kaɗai.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, a tsakiyar bazara. Tun hantsi hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya cak, ba ruwa, ba iska, sai zufa. Azahar ta gota kaɗan, Malam Sallau ya dawo daga masallaci ke nan yana gyara zama, sai ga Haula. Ita ce autarsa, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiranta da sunanta ba, Uwata yake ce mata. Tana da cikin fari wata shida, kuma ya rasa abin da zai fito da mace a wannan hali cikin wannan rana. Ya soma yi mata faɗa tun ba ta gama gaisuwa ba, tana ta dariya, don ta san faɗan nasa ba ya cizo.

Ta kwance bakin mayafinta ta ajiye masa makullin mota a kan tebur, irin mai baƙin kai da maɓallai biyu, wanda ake dannawa daga nesa mota ta buɗe. Na mijinta ne, Yazidu, dillali a kasuwar dabbobi, mai farar babbar mota kat-kat ɗin nan da ya saya ana gab da bikinsu. Ta ce yau sati uku ke nan da abin ya mutu. Kullum Yazidu zai fito ya danna, ya danna, ya yi tsaki, sannan ya cusa makulli a ƙofa kamar mutanen da, don yatsan nasa ya saba, ya kasa dainawa. Ta ce masa ya kawo wa Baba ya fi sau biyar, kullum amsarsa ɗaya, sai ya je Maraɗi. Shekaranjiya da ta sake tuna masa har tsawa ya daka mata, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kai ta ɗakinsa. Ita a ganinta kunyar surukuta ce kawai ke damun sa. Shi ya sa yau da ya dawo daga kasuwa, ya ci abinci ya kwanta, ta lallaɓa ta zaro makullin daga aljihun rigarsa, ko wayarta ba ta tsaya ɗauka ba. Bayan la'asar za su je Badar Gula gaida gwaggonsa, kuma so take ya fito ya danna ya ji mota ta amsa, ta ga yadda fuskarsa za ta yi.

Malam Sallau ya ce ita da uwarta jirgi ɗaya ya kwaso su, ba sa ganin aljihun namiji su ƙyale. Yana tsokanarta, hannuwansa na aikinsu, don hannun da ya shekara talatin a kan abu ba ya jiran a ce masa yi. Ya sa bakin ɗan turnabis, abin kwance noti, a tsagar da ke gefe, ya murɗa kaɗan, makullin ya rabe biyu. Ya kife murfin a kan ƙyalle, ya ɗago pil ɗin da hantsaki, ɗan zagayayye mai faɗin maɓallin riga. Ya danne lambar da babban yatsa ya tambaye ta ko wane ne, wasan da suke yi tun tana 'yar lakwal, in an tashi makaranta tana kawo masa abincin rana. Ta leƙa gefensa ta ce 2032 ne, ai 2025 bai kai wannan kauri ba. Ya ɗaga yatsa ya duba da gilashi, haka ne kuwa. Ya ce asara aka yi da aka aurar da ita, da ita ce za ta gaje shi. Yana faɗa yana ɗiga alkol, ruwan goge datti, a auduga, ya goge mazaunin pil ɗin, ya ɗan ɗaga harshen ƙarfen da ke danne shi, duk idonsa na kanta.

Sannan ya ɗauki allura, ya juyo murfin don ya sa wata.

Ashe akwai rubutu a ciki, kuma nasa ne. Ya san ukunsa mai kama da ƙugiya ko a cikin dubu. Wata na uku, shekara biyu da suka wuce. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da shi, tunda Yazidu ya ce motar daga Kwatano aka kawo ta Maraɗi, ba ta taɓa taka Dakoro ba sai ranar da ya shigo da ita. Amma a gefen watan akwai wani zane da ba hannunsa ba ne: layi uku da suka haɗu a ƙasa kamar sawun kaza, da ɗigo ɗaya a dama.

Shaidar raƙuman gidan su Rhissa ce. Rhissa mutumin Azagor ne, makiyayi mai wadata, dogo, mai yawan dariya a bayan rawani. Yana da kat-kat ruwan ƙasa, kuma wata ranar kasuwa irin wannan ya zo rumfar nan a sa wa makullinta pil. Da ya ga ana karta murfi da allura ya tambayi dalili, aka gaya masa, abin ya burge shi. Ya ce su a daji ba sa barin dabba ba shaida, balle wannan da ta fi raƙumi ci. Ya karɓi allurar da manyan yatsunsa, ya zana shaidar da suke yi wa raƙumansu da wuta a wuya. Kuma ba shi kaɗai ya zo ba. Dillalinsa ne ya kawo shi, wanda yake sauka a gidansa duk ranar kasuwa, wanda a lokacin ya soma neman Haula yana neman dalilin zama a bencin rumfar. Yazidu na zaune daidai inda Haula take yanzu, ya leƙo ya ga zanen, ya yi dariya har da buga cinya.

Wata biyu bayan haka Rhissa ya sayar da dabbobinsa, ya bar Dakoro da yamma, ya ce zai biya ta Badar Gula kafin ya wuce gida. Daga ranar ba a sake ganin sa ba, ba shi ba motar. Jandarma sun nema, danginsa sun bi sawu a kan raƙuma har inda sawu ya ƙare, aka yi ta addu'a a masallatai. Yazidu na cikin masu neman, har ramewa ya yi, kowa na yaba masa amana. Matar Rhissa kuwa, Fadimata, ta ƙi shiga takaba, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Har yau tana zuwa kasuwa da cukunta, da agogon mijinta da ya manta a gida ranar tafiyar, kuma ba ta yarda agogon ya tsaya.

Malam Sallau ya ajiye allurar. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai. Ya yi ƙoƙarin nema wa surukinsa mafita, don ba mai son ya yarda da irin wannan a kan mutumin da ya ba 'yarsa da hannunsa. Wataƙila ɓarayi ne suka sake wa motar Rhissa fenti suka sayar, Yazidu ya saya bai sani ba, tunda motocin nan duk kamarsu ɗaya. Amma dillalin da ke gane akuyar da ya sayar bara a tsakiyar garke, shi ne zai kasa gane motar da ya shekara yana shiga? In kuma bai sani ba, me ya hana shi kawo makulli wurin surukinsa har sati uku, me kuma ya kawo tsawa? Yazidu bai manta da ranar allurar ba. Abin da ya hana shi buɗewa da kansa ya kankare, Allah kaɗai ya sani. Akwai mutanen da sun gwammace su shekara da abu a aljihu da su dube shi sau ɗaya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: Haula za ta koma gidan nan, ta kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan. Muddin Yazidu bai san an buɗe makullin ba, ba abin da zai same ta. Saura wata ɗaya a ɗauko ta goyon ciki, ta dawo ɗakin uwarta kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. In ta shigo gida, sannan ya san inda zai kai maganar. Amma in ya sa sabon pil motar ta amsa, to ya aika wa Yazidu saƙo ke nan cewa ya gani. Gaya wa Haula kuwa bai ma taso ba, yarinyar da duk abin da ke cikinta a fuskarta ake karanta shi.

"Baba, mi ya hwaru? Ka yi tsit."

Ya kife murfin da sauri, ya ce irin pil ɗin ne ya ƙare masa. Ƙarya ba sana'arsa ba ce, kuma ya zaɓi wadda ta fi kowace rauni. Haula ta miƙa hannu ta nuna katin da ke rataye a bayansa.

"Ga su can har huɗu, Baba. Ko idon ne ya soma tahiya?"

Ya juya ya dube su kamar yau ya fara ganin su. Sannan ya sa gilashi ya sunkuya a kan ɗan koren allon da ke cikin makullin, ya daɗe, don ya samu ya ɓoye fuskarsa. Da ya ɗago ya ce ashe ba pil ba ne, cutar a allon take, mijinta ne ke da gaskiya, wannan sai Maraɗi. Wannan karon ta yarda, don iliminta a kan lamba ya tsaya. Ya ga yadda murnarta ta zube, abin ya sosa masa rai, amma bai sassauta ba.

"Ki maida shi inda kika ɗauko, Uwata, tun bai tashi ba. Kada ki ce kin kawo shi nan. In ya ji an buɗe, cewa za shi yi mu muka lalata mishi, kuma ba ni son abin da za shi shiga tsakanina da mijinki."

Ta ce to. Ya mayar da tsohon pil ɗin mazauninsa, alamar giciyen na kallon sama, ya haɗa murfin ya danna har ya ce ƙas, ya goge gefen da ƙyalle don kada a ga sawun turnabis. Ya ce mata hanyar Badar Gula ba ta mai ciki ba ce, ta ce wa mijinta a bari sai an haihu. Ta ce gwaggon tsohuwa ce, ta aiko sau biyu. Ya ce to ta dawo gida gobe, ba sai wata ya cika ba. Ta yi dariya ta ce me mutane za su ce, ai sai a zaci yaji ta yi. Tana ɗaure makullin a mayafi ta tsaya ta dube shi.

"Baba, ba ka sa wata ba."

"Abin da ban gyara ba, ba ni sa mishi hannu."

Ya bi ta da ido har ta ɓace a tsakanin amalanken jakai. Hankalinsa bai kwanta ba, amma ya ɗan samu numfashi. Makulli matacce ya zo, matacce ya koma, ba wanda ya san komai sai shi da Allah. Ya zauna yana lissafin kwanakin wata ɗaya, mutum biyu suka zo da agogo ya ce su dawo gobe.

An kusa la'asar sai ga Fadimata. Ba ranar da ta fi wannan rashin dacewa, amma kasuwa ba ta tambayar mutum wanda yake son gani. Ta sauke kwandon cuku, ta zauna a ƙarshen benci, ta zaro agogon daga ƙullin zanenta. Ta ce tun jiya ya soma ja da baya, ba ta so mai shi ya dawo ya tarar da shi yana ƙarya. Sannan ta yi tambayar da take yi kullum, ko ya ji wani labari, tunda shi a bakin tasha yake, motoci na shiga suna fita. Shekara biyu yana amsa mata da Allah ya bayyana. Yau sai ya kau da kai. Ya karɓi agogon ya ɓalle bayansa don ya sami abin kallo, ya cire ɗan pil ɗin, hannunsa ya tafi neman auduga.

Audugar na nan a gefen ƙyalle, an riga an yi aiki da ita, da ɗan baƙi-baƙin datti a jikinta.

Ya zuba mata ido. A nan ya tuna abin da hannunsa ya yi lokacin da bakinsa ke tsokanar Haula. Ya goge mazaunin, ya ɗaga harshen ƙarfen. Shi kuwa ya fi kowa sanin abin da wannan ke yi wa pil ɗin da ya gaji bai gama mutuwa ba: tashi yake yi, ya ƙara sati biyu, wani har wata. Sau nawa ya yi wa marasa hali haka kyauta, suka tafi suna sa masa albarka? Makullin kuma ba irin mai 'yar jar fitila ba ne, balle ya gani. Ya ɗauki waya zai kira Haula, ya tuna wayarta na ɗakin da Yazidu ke barci.

"Ki zamna nan," ya ce da Fadimata. "Kada ki tahi ko'ina. Ki jira ni."

Ya bar agogon a buɗe, ya bar teburinsa da komai a kai, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka ce gobara ta tashi a tasha. Babu kabu-kabu ko ɗaya a bakin hanya, duk sun kwashi 'yan kasuwa. Ya kama hanya da ƙafa, tsoho mai ciwon gwiwa, gilashin ido na reto a wuyansa. A mararrabar farko garken shanu ya fito daga kasuwa ya tare titi, ya kutsa ta tsakaninsu, makiyayin na yi masa magana bai ji ba. Ana ta gaishe shi ba ya amsawa. Aka kira la'asar yana tafe, aka yi salla aka sallame yana tafe. Hadarin nan ya ƙara duhu, ya sauko har kamar zai taɓa soraye, amma ko ganye ba ya motsi.

Da ya karyo kwanar layin su Yazidu ba kowa a waje, duk unguwar tana kasuwa. Farar motar na nan a gindin bishiyar bedi. Sau ɗari ya gan ta, sau biyu ma ya shige ta, amma sai yau idonsa ya sauka a gefen ƙofar baya, inda fenti ya ɗan ɓare, ruwan ƙasa na leƙowa daga ciki. Bai kai ga ƙofar gidan ba Yazidu ya fito, sanye da shadda mai ruwan toka, Haula na biye da shi da kular abinci. Malam Sallau ya ga hannun ya shiga aljihu, ya ga babban yatsan ya hau maɓallin kamar yadda ya saba.

Motar ta yi ƙara sau biyu, fitilunta suka ƙifta.

Yazidu ya tsaya cak. Bai dubi motar ba, makullin ya duba. Ya juya shi a tafin hannunsa a hankali, ya bi tsagar gefen da farce. Haula kuwa duk alkawarin da ta ɗauka ya bi iska, murna ta sha kanta.

"Lah, ashe Baba ya gyara! Shi da ya ce sai Maraɗi."

Sannan Yazidu ya ɗago kai, ya ga surukinsa tsaye a tsakiyar layi yana haki. Bai razana ba, wannan ne ma ya fi ba Malam Sallau tsoro. Ya tako ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya kamata ɗa na gari ya yi wa suruki, yana murmushi.

"Baba, sannu da rana. Ashe an sha aiki. Ai da ka aiko, da na zo da kaina."

Malam Sallau ya dubi 'yarsa ya faɗi abin da ya fara zo masa baki, ya ce innarta ce ba lafiya, ta taho su tafi gida yanzu. Fuskar Haula ta canza nan take. Yazidu ya miƙe yana salati, ya ce ai ba a tafiya ƙasa da mai ciki a wannan zafi, su shiga ya kai su. Kafin tsohon ya sami abin cewa, Haula ta riga ta buɗe gaba ta zauna, tana tambayar me ya sami Inna, tun yaushe. Ƙaryarsa ce ta saka ta motar da hannunta. Ba abin da ya rage masa sai ya buɗe baya ya shiga.

Yazidu ya ta da mota, ya danna wani abu a gefensa, ƙofofin huɗu suka kulle a tare. Makullin na reto a ƙarƙashin sitiyari, baƙin kansa na bugun roba duk lokacin da aka faɗa rami. Haula na ta jero tambayoyi, uban na amsa mata da eh da a'a. Suka iso mararraba. Hanyar gidan Malam Sallau hagu take, kowane jakin Dakoro ya san haka. Yazidu bai rage gudu ba, ya miƙe ya ɗauki hanyar da ke fita gari.

"Ka wuce kwanar," in ji Haula.

"Wagga ta cika da shanu. Akwai ta baya."

Babu wata ta baya. Malam Sallau ya duba madubi ya tarar da idon Yazidu na jiran nasa. Gidaje suka soma tazara, aka wuce shingen kasuwar dabbobi, gaba kuma sai fili da ƙaya da baƙin hadari. Shekara talatin allura ke yi masa magana, yau allurar na can rumfa, murfin kuma na hannun wanda ake tuhuma. Bakin nan mai nauyi shi kaɗai ya rage masa.

"Yazidu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Matar Rhissa na zamne rumhwata. Na hwaɗa mata abin da za ta kai ma jandarma in an kira magariba ban komo ba, ni da ɗiyata."

Bai faɗa mata komai ba, jira kawai ya ce ta yi. Ƙarya ta huɗu ke nan da ya yi a yini ɗaya, kuma ita kaɗai ce ta tsaya da ƙafarta. Motar ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi magana ba, har ya fidda rai. Haula ta juyo tana duban uban, ta koma tana duban mijin, ba wanda ya dube ta. Can daidai wani busasshen gawo Yazidu ya taka birki. Ya bar injin na aiki, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Sannan ƙofofin suka buɗe.

"Ku sauka."

Haula ta ce ita ba ta gane ba, a daji za su sauka? Uban ya riga ya fito, ya buɗe ƙofarta, ya kama wuyan hannunta ya jawo ta, shi da rabonsa da riƙe hannunta tun tana koyon tafiya. Yazidu ya miƙa hannu ya jawo ƙofar ya rufe, ya sauke gilashi kaɗan. Murmushin nan na nan bai tafi ba.

"Ka riƙe mini ita da kyau, Baba. Ina nan zuwa ɗaukar matata."

Ya ja mota ya yi gaba, ba gudu, ba gaggawa, har farin ya shige cikin duhun hadarin. Sai a lokacin iska ta taso, mai sanyi, mai ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Haula na tsaye a bakin hanya da kular gwaggo a hannu. Ba ta ƙara tambayar Inna ba, don ba wawiya ba ce, a gaban teburin nan ta girma.

"Baba," ta ce, "mi ke cikin makullin ga?"

Yau babu murfin da zai buɗe ya miƙa mata gilashi ya koma kan aikinsa. Da bakinsa zai faɗa, kuma sau biyu zai faɗa, don akwai wata can zaune a bencinsa tana gadin agogo a buɗe. Ya karɓi kular daga hannunta, suka juya suka nufi gari.